Yadda Ake Tayar da Motar Tsere da Tukunyar Gwaggo

Jabiru ɗan ƙanena yana riƙe da bashina, tukunya ɗaya da murfinta. Ba ƙaramar tukunya nake faɗa maka ba. Giwa ce sunanta, da ita na sauka Jidda daga Bur Sudan, a kanta na zauna cikin jirgin ruwa don babu kujera. Rabin buhun shinkafa take ci ko gyatsa ba ta yi. Babu bikin da aka yi a unguwarmu Karantina ba ta je ba, kuma duk inda ta je ta dawo, don ni Inno ba a cin bashina a yi barci mai daɗi. Ko ludayi ka ara, ina sane.

To a dalilin tukunyar nan na zama masaniyar motocin tsere. Ban yi boko ba, ban iya tuƙi ba, amma tun shekarar da aka gama yaƙin Kuwait mota ke kwance a tsakar gidana, ina zagaye ta kafin in kai ga murhu. Saboda haka kai da kake son a ce kana da irin tsohuwar motar nan da attajirai ke tarawa suna gogewa ba sa hawa, matso. In ka bi matakan nan yadda na jera su, na yi maka alkawari sai unguwa kaf ta san sunanka. Wannan kam babu fashi.

Mataki na ɗaya: Ka nemo motar da ba ta da komai

Wai can a Amurka, lokacin Jabiru yana goye, wani kamfani ya ƙera waɗansu motoci 'yan kaɗan, ba su kai ɗari ba, don tsere kawai. Tseren kuma ba zuwa wani gari ba ne. Motoci biyu ne za su jeru, su ruga a miƙe kamar daga ƙofar gidana zuwa shagon Bayamale, halas, an gama. Don ta yi sauri sai suka rage mata nauyi, wato suka cire duk abin da ke sa a kira mota mota.

Kujerar baya babu. Rediyo babu. Abin sanyaya ciki babu, a Jidda fa. Gilashin taga na roba ne, kuma ba murɗa shi ake yi ba, da ɗamara ake jawo shi sama kamar guga. Batir a but yake can bayan mota, inda mutanen kirki ke sa buhun albasa.

Jabiru makanike ne a wani gareji a unguwar Khumra. A bayan wani sito ya tsinci tasa, lulluɓe da tamfol, kyanwa ta haihu a ciki har ta ga jikoki. Ɗan wani attajiri ne ya dawo da ita daga karatu, ubansa ya ji ƙararta sau ɗaya ya yi rantsuwa. Da Jabiru ya jawo ta da igiya, ya ce mini irinta da suka rage a duniya ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Na leƙa ciki, na ce masa na ga dalili.

Ka riƙe wannan da kyau: a harkar nan, abin da babu shi ake saye.

Mataki na biyu: Ka ajiye ta a gidan da ba naka ba

Kada ka bar ta a wurin aiki, kafilinka, Balaraben da takardar zamanka ke hannunsa, zai gani ya ce rabi nasa. Kada ka bar ta a titi, yaran Karantina za su buɗe makaranta a ciki. Ka nemi tsohuwa mai tsakar gida, in da hali wadda kake zaune a ɗakinta na baya kai da matarka. Ka zo da la'asar da ledar lemo, ka durƙusa, ka tambayi lafiyar gwiwarta sau biyu. Sannan ka ce kwana biyu kawai.

In ƙofa ta yi kaɗan, ka rushe gefen katanga. Katangar dai Jabiru ya gyara, ba zan yi masa ƙarya ba. A karkace take, amma ya gyara.

Mataki na uku: Ka warwatsa ta, ka hana kowa taimako

Ka kwance komai. Noti a cikin kwano, waya a kan igiyar shanya, tayoyi a inda ake alwala. Kalma ɗaya za ka riƙe a baki, asli, wato na ainihi daga kamfani. Tsatsa asli ce. Datti asli ne. Akwai wani ƙarfe da ma'aikacin kamfanin ya yi wa zane da alli tun can Amurka, A'i matar Jabiru ta gan shi da dauɗa ta sa soso da omo ta wanke shi tas, tana jiran a gode mata. Jabiru ya zauna a gaban ƙarfen nan kamar an yi masa rasuwa. Ni na kai masa kunu na yi masa gaisuwa.

Mutanen unguwa za su zo da shawara, don mu a wurinmu mota abar ɗaukar jama'a ce. Kawu Na'ibi, dattijon da ke raba mana gardama, ya ce akwai benci a gidansa, a sa a baya a riƙa kai mutane Makka. Tela ya ce zai ɗinka labule da shimfiɗa mai geza. Ka ƙi duka. Ka ce nauyi ne. Ka faɗe shi da fuskar wanda aka yi wa tayin haram.

Mataki na huɗu: Ka ari tukunya

Nan ne zuciyar aikin, ka buɗe kunne.

Ƙarafan inji sun yi shekaru cikin baƙin mai, sai an jiƙa su. Masu kuɗi suna da kwami na musamman. Kai ba ka da shi, amma gwaggonka tana da tukunya. Kada ka yi ƙarya, ƙarya zunubi ce. Ka ce kawai, "Gwaggo, ara mini Giwa zan jiƙa wani abu." Ita za ta zaci wake ne, ko gero na sadaka. Ba laifinka ba ne in ba ta tambaya ba.

Ka kai ta bayan gida, ka tafasa ruwa, ka zuba sodar nan mai cin hannu, ka jera ƙarafa, ka tafi aiki. Masana sun tabbatar cewa sodar tana cinye baƙin mai. Abin da ba su faɗa wa Jabiru ba shi ne tana cin alminiyon fiye da yadda take cin mai. Da ya dawo, ƙarafansa sun yi fes, gindin Giwa kuwa ya koma rariya.

Murfin ma kada ka bar shi zaman banza. Ka tura shi ƙarƙashin mota ya tari man da ke ɗiga, ka manta da shi, ka mayar da tayoyi ka turo motar baya. Taya za ta ninke maka shi kamar wasiƙa.

Mataki na biyar: Ka ɓatar da gawa, ka manta Hausa

Kafin tsohuwa ta leƙo, ka sa ragowar a buhu ka miƙa wa masu sayen gwangwani, abin da suka ba ka ka sayo fulogi. Ni a bakin masu gwangwanin na ji, don a Karantina babu abin da ake aunawa a sikeli labarinsa bai dawo gida ba.

Daga ranar, duk lokacin da aka ambaci tukunya, Hausarka ta ɓace. Haifaffen Jidda ne kai, kana da uzuri. Ka koma Larabci, ka ce bukura in sha Allah, ka ce ma'alesh, ka duba agogo ka ce yalla ka makara. Ni ma sai na bi Jabiru can, na ce masa da Larabcin ma ina bin sa, in ya koma Turanci zan sa a koya mini.

Abin da ya sa nake matsawa, aikin hajji ya ƙarato. Alhazanmu in sun sauka Jidda, kafin su wuce Makka da bayan sun dawo, tuwo da shinkafa da miyar gida suke nema, kuma ƙofata suke tambaya. Da wannan girkin nake cin shekara. Babu Giwa, sai dai in yi aro. Dela ta bayan layi, wadda ta daɗe tana so a ce ita ma ana cin abinci a gidanta, har ta aiko wai in ina bukata tata tana nan, kada in ji nauyi. Ni Inno, da ake zuwa aro wurina tun kafin Dela ta iya hura wuta, in je in tsaya a ƙofarta da murya ƙasa ƙasa. Na ce a gaya mata na gode, Allah ya bar zumunci. Ranar ko abinci ban iya ci ba.

Mataki na shida: Ka yi alfahari da bonet

Duk motar nan, abin da ya fi daraja shi ne bonet, faifan ƙarfen nan da ke rufe inji. Na sauran motoci baƙin ƙarfe ne, nata kuwa kamfani da alminiyon ya yi shi don rashin nauyi, kuma wai shi ne shaidar cewa ba jabu ba ce. Saboda haka kada ka ɗaura shi a mota. Ka naɗe shi da bargo ka kwantar a kan gado. Matarka ta koma tabarma, ai na ɗan lokaci ne.

Duk baƙon da ya zo, ka shigar da shi ɗaki ka yi masa wasan maganaɗisu. Ka manna a ƙafar gado, ya kama. Ka manna a bonet, ya faɗo ƙasa. Sai ka kalli baƙon, ka bar shi ya yi mamaki.

Ni ma Jabiru ya yi mini. Maganaɗisun ya faɗo gaban ƙafata, na tsaya ina kallonsa. Na san wannan wasan. Haka Garba Mai Zubi, wanda ke narka alminiyon yana zuba mana tukwane a ƙarshen unguwa, yake gwada kayan da mata ke kai masa. Wanda ya kama ya jefar, wanda bai kama ba ya sa a wuta. Na tambayi Jabiru ko abin da nauyi. Ya yaye bargo da murna ya ce in ɗaga in ji. Na ɗaga. Na ce ma sha Allah, kuma har zuciyata na faɗa.

Mataki na bakwai: Ka gwada ta a gaban jama'a

In inji ya tashi, unguwa za ta sani ba sai ka aika ba. Kajin maƙwabta sun daina ƙwai, wani tsoho ya fito da takardunsa a hannu yana zaton an zo kame.

Ka ja ta zuwa Khumra ranar Juma'a da sassafe, akwai miƙaƙƙen titi tsakanin sito da sito, babu kowa sai awaki. Ba bonet, inji tsirara, kada ƙura ta taɓa abin daraja. Na ce sai na shiga. Jabiru ya ce nauyi ne. Na ce inda bashina yake nan nake zama.

Kujerar kamar ta mai gadi. Ya taka, motar ta yi kuka, gabanta ya ɗaga sama kamar rago ya ga wuƙa. Goron da ke bakina ban san inda ya bi ba, ko ciki ko waje. Na fara salati, ban kai ƙarshe ba ya ce mun iso. Na duba, ga inda muka taso can ina hango takalmina da ya faɗi. Inji na tafasa, man da aka zuba ya ƙare. Da turi aka dawo da ita, ina ciki ina riƙe da sitiyari, awaki na rakiya.

Ka gane hikimar ke nan: motar da ta fi kowace sauri ita ce wadda ba ta zuwa ko'ina, don haka ba ta taɓa makara.

Mataki na takwas: In an kai ka gaban manya, ka ce halas

Tsohuwa za ta gaji ta kai ka gaban dattijo. Ka je, ka zauna a ƙasa, ka sunkuyar da kai, amma hankalinka ya tafi wurin fenti.

Na faɗa wa Kawu Na'ibi komai a gabansa. Jabiru ya ce ai an kusa, akwai wani Balarabe mai suna Hamad, mai ofis a Bagdadiyya, yana tara irin motocin nan, ya ji labari zai zo. Da an sayar zai cika mini gida da tukwane. Na ce ban nemi cikin gida ba, ɗaya na bayar, ɗaya nake bi, da murfinta.

Sai na ce, "Kawu, ka shaida. In aka ga watan Zulƙida ba tukunya, zan ɗauki hakkina a cikin abin da ke gidana."

Kawu ya tambayi Jabiru ko ya ji, ko ya yarda. Jabiru ya ce ya ji, halas, ya yarda. Daga baya ya ce shi ya zaci talabijin nake nufi. Ni me zan dafa a talabijin?

Mataki na tara: Ka tafi aiki da zuciya ɗaya

An ga wata. Kai ba ka duba sama, kana duba ƙarƙashin mota. Ka karya kumallo, ka yi sallama, ka tafi Khumra.

Na ƙwanƙwasa ɗakin baya. A'i ta buɗe, ta dube ni, ta dubi gado. Ita ta naɗa mini gammo da ɗankwalinta. Nan dole in yaba wa kamfanin nan na Amurka, sun iya aiki. Tsohuwa mai ciwon gwiwa ta ɗauki bonet a ka ita kaɗai, daga gida har rumfar Garba, ko hutawa ban yi ba. Har inuwa ya yi mini a hanya.

Garba ya manna maganaɗisunsa, ya faɗo. Ya ƙwanƙwasa ya saurara, ya ce tunda yake zubi bai taɓa samun kaya mai tsabta haka ba, daga ina? Na ce daga Amurka, asli ne. Ya sa almakashin ƙarfe, ya hura wuta, ya danna ƙasar zubi a kan babban ma'auninsa na tukunya. Na zauna a wurin har aka fasa ƙasar, tukunya ta fito tana hayaƙi, fara sol, bakinta kamar rijiya. Na ce saura murfi. Ya nuna mini abin da ya rage a kasko, ko cokali ba zai yi ba. Ya ce laifin masu rage nauyi ne.

Mataki na goma: Ka kawo mai saye

Ka zaɓi ranar da gida ya cika da alhazan farko, don a samu shaidu da yawa.

Hamad ya zo cikin farar riga mai ƙamshi, yana ɗage ta kada ta taɓa ƙasarmu. Ya zagaya mota, ya leƙa ƙarƙashi, ya shafa ɗamarar taga kamar ya ga ɗan'uwansa da ya ɓata. Sai ya zaro nasa maganaɗisun daga aljihu, ashe duk haka suke yawo, ya ce ina bonet. Jabiru ya shiga ɗaki da sauri. Ya tarar da bargo, a cikin bargon kuma A'i ce tana barcin da ta daɗe ba ta yi ba.

Ya fito ya tsaya a kaina ina juya shinkafa. Ranar Hausarsa ta dawo tsaf.

"Gwaggo, ina bonet ɗina?"

"Ga shi nan yana tafasa. Matsa, kana tare mini iska."

Ya juya wurin Kawu Na'ibi, wanda ke zaune da kwanonsa yana jira a sauke. Kawu ya ce shi dai abin da ya sani an ga wata, kuma ya ji wani ya ce halas da bakinsa.

Aka fassara wa Hamad. Ya tako har bakin murhu, ya manta da rigarsa, ya manna maganaɗisu a jikin tukunya. Ya faɗo cikin toka. Sai ya nemi kujera. Na zuba masa shinkafa da miyar taushe, don baƙo baƙo ne, ya ci yana kallon tukunyar kamar mai ziyarar kabari. Da ya gama ya ce mota ba bonet ɗinta ba zai iya saye ba, sai in an samo wani, kuma wanda ya sani guda ɗaya ne, yana hannun wani tsoho a Amurka da ya ce da shi za a binne shi. Amma tukunyar, ya Hajja, ko zan sayar masa ya ajiye, tunda ƙarfen dai shi ne?

Na ce ba ta sayarwa ba ce. In aro yake so, ya dawo bayan hajji, da shaidu biyu.

Alhazai sun ci sun ƙoshi a shekarar, wani daga Zinder ya ce shinkafata ta fi ta bara saurin nuna. Dela ta aiko a tambaya ina na samu sabuwar tukunya. Na ce a gaya mata in tana bukata tana nan, kada ta ji nauyi.

Sharaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan ya wayi gari da mota ba bonet, ko mata ba fara'a, ko suna a bakin 'yan unguwa, kada ya zo ƙofata. Ni shawara na bayar kyauta, kuma abin da aka bayar kyauta ba a dawo da shi. Ban san inji ba, ban san Amurka ba, ban aiki kowa ya ari tukunyar kowa ba. Wanda ya ga ya cutu ya je wurin Kawu Na'ibi, yana nan bayan la'asar.

Motar tana nan a tsakar gida, Jabiru na goge ta kullum, yanzu yana gaishe ni sau uku a rana. Tukunya ta biya, na yafe wannan duniya da lahira. Murfi ne har yau shiru, da guntun kwanon rufi nake rufe ta, tururi na gudu ta gefe, itace na ƙarewa. Maganaɗisun Hamad da ya faɗa toka ni na tsince shi, yana ƙulle a bakin zanena har ya zo ya karɓa, don ba na riƙe kayan mutane. Ɗazu da zan wuce shanya na ɗan jingina shi a ƙofar direba, don in ga ko yana aiki. Ya faɗo.

Na riga na gaya wa Kawu ya sa ido a kan watan Muharram.